Rabon Gadon Mutumin da Ya Sari Gari

Mahaifinmu ya rasu ya bar mata biyu, 'ya'ya maza biyar, mata shida, da garin da ake kira da laƙabinsa. Garin nan shi ya ba mu wahala. Mutumin da ya gaji gonar ubansa, rabon gadonsa ba ya cin rai, don kowa ya san inda gonar ta faro da inda ta tsaya. Amma wanda ya zo ya tarar da daji, ya sare shi da gatarinsa, ya shekara hamsin da ɗoriya yana yanka wa baƙi wurin zama da na noma, ba takarda ba sa hannu, to kafin a ce ga abin da ya bari sai an fara gano abin da ya bayar.

Ni ne ƙarami a cikin maza, kuma malamin makaranta, saboda haka ba a ma yi shawara da ni ba aka miƙo mini littafi da biro. Mun jira matan suka fita takaba, wata huɗu da kwana goma, muka ƙara jira aka kawar da amfanin gona, don ba a yanka gona dawa na tsaye a cikinta. Babban wanmu ba ya son a je kotu ko kaɗan. Ya girma yana jin labarin ushirar da alƙalan zamanin En'e ke cirewa daga dukiyar mamaci, kuma a wurinsa kai gado gaban alƙali tona asirin gida ne. Ni kuwa na ga gidajen da aka raba gado a zaure da baki kawai, bayan dattawan sun kau jikoki suka kama sara da suka. Aka tsaya a tsakiya: za a yi aikin a gida, da liman, da wakilin dagaci, da wani malami masanin fara'ili da aka ɗauko daga Funtuwa, in an gama a kai kotu ta tabbatar.

Malamin nan ɗan siriri ne, ba ya ɗaga murya. Ranar da ya zo, kafin ya sha ruwa ya ce abu huɗu ne a jere, kuma ba a tsallake ɗaya: kuɗin jana'iza, sai bashi, sai wasiyya in akwai, ba ta wuce sulusi, sannan abin da ya rage shi ne gado. Ya ce kada wanda ya ambaci gona tukuna. A fara buɗe ɗakin mamaci a gaban kowa.

A ƙarƙashin gadon ƙarfensa akwai akwatin ƙarfe baƙi wanda duk muka taso muna gani, babu wanda ya taɓa ganin cikinsa sai Iya, uwargidansa. Muka tarar da littafin sallamarsa daga soja, da lambobin yabo a naɗe cikin tsumma, cikinsu har da tauraron Bama, da rasiɗan haraji a ɗaure da zare shekara bi shekara har zuwa lokacin da gwamnatin Balarabe Musa ta soke haraji da jangali a tsohuwar jihar Kaduna, da littattafan bashin kanti guda-guda, da wani baje na yadi da aka ɓalle daga kafaɗar riga. A jikin bajen an zana mashi biyu a gicciye cikin gammo.

Wannan alamar Runduna ta 82 ce ta sojojin Afirka ta Yamma. 'Yan Runduna ta 81 su baƙin gizo-gizo ne alamarsu. Gammon kuwa ba don ado aka sa shi ba. A tsaunukan Arakan na ƙasar Bama, wadda yanzu ake kira Myanmar, babu hanyar mota. Jirgin sama ke jefo abinci da harsashi, mutane su ɗora a ka su hau dutse su gangara kwari, su tsallake rafi, ruwan sama na dukansu. Akwai rukunai sukutum da aikinsu ke nan, kuma Baba a cikinsu yake. Bai taɓa ɓoye mana ba, sai dai mu yara mun fi son labarin harbi, shi kuwa in ya tashi ba da labari, na nauyin kaya ne da matsattsaku da takalmin da ba ya bushewa.

Asalinsa mutumin arewacin ƙasar Katsina ne. An ce wa dagacinsu ya kawo samari, shi kuma ƙane ne a gidan da gandu ke hannun wa, ba mata ba gona, sai sunansa ya shiga. Aka kai su Zariya horo, jirgin ƙasa ya sauke su Ikko, jirgin ruwa ya kai su Indiya a 1944. A watan Janairun 1945 rundunonin nan biyu suka haɗu a Myohaung suka karɓe ta daga hannun Japanawa. Duk wanda ya san barikin Myohaung da na Arakan a Legas, ko Dalet da Kalapanzin a Kaduna, ko Letmauk a Ibadan, sunayen wuraren da waɗannan mutane suka bi ne da ƙafa. Japan ta miƙa wuya a watan Agustan 1945, amma sai a 1946 aka dawo da su.

Da ya koma gida bai iya zama ba. Ƙasar ta gaji, gandun ba ya ciyar da waɗanda ke kansa ma, kuma mutumin da ya ga Bombay da idonsa ba ya jure a riƙa aikensa kamar yaro. Ya ɗauki kuɗin sallamarsa da amaryarsa, ita Iya ke nan, ya yiwo kudu inda daji ke da yawa mutane ba su da yawa. Layin dogo ya riga ya ratso daga Zariya ta Funtuwa da Gusau ya kai Ƙaurar Namoda tun 1929, ga injin gurzar auduga na Turawa a Funtuwa, saboda haka wanda ya noma auduga ba ya rasa mai saye. Ya kai wa dagaci goro, dagaci ya haɗa shi da yaronsa, yaron ya tsaya ya nuna da hannu: daga rafin nan zuwa dutsen can. Iyakar takardar mallakar garinmu ke nan.

Malam ya bar mu muka gama jujjuya lambobin, sannan ya ce a kawo littattafan bashi.

A nan na sha aiki. Baba yana rubuta suna da ajami, lissafi kuma da lambobin boko da ya koya a soja, kuma sau da yawa ba suna yake sa wa ba, laƙabi ne: mai jaki, ɗan gidan maƙera, matar mai tsamiya. Sai na zauna da liman da wani tsoho da ya yi masa yaron kanti suna fassara mini ko wane ne. Cikin shafukan nan ana ganin yadda kantin ya girma. Farko tebur ne a ƙofar bukka: gishiri, ashana, kananzir, allura, sabulu. Yana hawa keke zuwa kantunan John Holt da UAC a Funtuwa ya ɗauro kaya. Daga baya akoko da atamfa suka shigo, da fitilar ƙwai da batir. Lokacin kaka yana sayen auduga a hannun waɗanda ba za su iya jiran ranar fuloti, wato kasuwar auduga, ba, ya tara ya kai sikeli. Can gaba sai injin niƙa, sai kuma takin zamani da irin masara bayan shirin bunƙasa noma na Funtuwa ya zo a tsakiyar shekarun 1970, lokacin da masara ta fara ture auduga daga gonakinmu.

Bashin da aka biya yakan ja masa layi. Wanda ba layi, shi ne ke kan mutane. Shafukan farin 1973 zuwa 1974 kusan babu layi ko ɗaya, tiya-tiyar dawa ce da mudu-mudun gero, amma a saman kowane shafi ya rubuta da hannunsa cewa ya bari. Malam ya ce abin da mai shi ya yafe yana raye ya fita daga dukiyarsa, kada in ma kwafe shi. Sauran tsofaffin basusukan da fam da sule aka rubuta su. Da aka koma naira a farkon 1973, fam ɗaya ya zama naira biyu, sule ya zama kwabo goma, don haka wanda ake bi fam uku da sule huɗu naira shida da kwabo arba'in ke kansa, ko kuɗin biron da nake rubutu da shi bai kai ba. Wanmu ya ce a yafe su duka. Malam ya ce, "Kai ka yafe naka. Na 'yan'uwanka fa?" Dole na shiga cikin gida na bi matan ɗaya bayan ɗaya ina tambaya. Duk suka yafe tsofaffin. Sababbin kuwa, na buhunan taki da aka ɗauka a daminar da ya yi jinya, babbar yayarmu ta ce ba ta yafe ko kwabo ba, masu su suna da rai suna da hali. Aka bi su, suka biya, wasu da kuɗi wasu da masara.

Sai abin da ake binsa. An yi sanarwa tun ranar jana'iza, aka sake yi a masallacin Juma'a. Mafi yawan waɗanda suka zo ba bashi suke bi ba, ajiya ce. A ƙauyen da ba banki, mai kanti shi ne banki. Wata tsohuwar Bafulatana mai tallan nono ta zo ta tsuguna a bakin zaure ta faɗi abin da ta ajiye, muka duba bayan kantar kantin muka sami gwangwanin madara an ɗaure bakinsa da jan zare, kamar yadda ta kwatanta, kuɗin ciki bai ragu da sisi ba. Tsohon yaron kantin ya ba mu labarin yadda a 1984, da gwamnatin Buhari ta canza launin takardun kuɗi ta ba da 'yan kwanaki kaɗan, Baba ya kwashi gwangwanayen mutane ya je ya kwana a layin banki a Funtuwa. Ajiya ba ta shiga gado, aka mayar wa kowa tasa.

Iya ba ta ce komai ba sai da aka kusa rufe wannan babin. Ta aiko a ce wa Malam tana da magana. Daga bayan labule ta ce, "Allah gafarta Malam, shekarar da aka sayi injin nan, saniyata ya ja zuwa kasuwa. Ya ce zai mayar." Wanmu, wanda ɗanta ne na fari, ya ce haba Iya, wannan ai tsakaninku ne. Ba ta amsa masa ba, don ko sunansa ba ta faɗa balle ta yi musu da shi a gaban mutane. Na koma littafin wannan shekarar, sai ga shi an rubuta: saniyar uwargida, ba layi. Malam ya tambaya ko ita ta sayar ta ba shi kuɗin, ko saniyar ta ba shi. Ta ce saniyar. Ya ce to saniya ake binsa ba kuɗin wancan zamani ba, a sayo mata irinta daga dukiyar kafin a raba. Haka tumakin Inna, mahaifiyata, da gayaunarta, duk aka ware su gefe, don nata ne tun yana raye.

Sannan aka fita gona.

Muka riƙa fita da sassafe, ni da littafi, wakilin dagaci, liman, da dattawan da ƙafarsu ke iya kai su. Iyakokin ba na siminti ba ne. Layin gamba ne, ko suri, ko kwazazzabo, ko kukar da ta faɗi shekara ashirin da suka wuce amma kowa ya san gurbinta, ko burtalin shanu. Gandun da yake nomawa da kansa har ya kwanta ciwo, wannan ba gardama. Gonaki biyu jingina ce a hannunsa, na mutane ne, ranar da suka kawo kuɗi za su karɓa, don haka kuɗin muka rubuta ba gonar ba. Masallaci da maƙabarta da tsohuwar rijiya da filin da ya ba da aka gina firamare lokacin shirin ilimi kyauta na 1976, babu wanda ya ɗaga baki a kansu. Rigimar tana kan gonakin da ke hannun waɗanda suka zo bayansa, kuma su ne mafi yawan ƙasar garin. Wace ce kyauta, wace ce aro?

Hukuncin a bayyane yake. Kyautar da wanda aka ba ya karɓa ya riƙe tun mai bayarwa na da lafiya, ta zama tasa. Haka wanda ba dangi ba in ya shekara goma yana noma wuri a gaban idon mai shi, mai shi bai yi magana ba kuma babu abin da ya hana shi, to hauzi ya ba shi, ba a sauraron da'awa bayan haka. Amma aro ko ya shekara ɗari aro ne, in dai an tabbatar da shi. Tabbatarwar ita ce aikin.

Wanmu ya ce hujja mai sauƙi ce: duk wanda ke kawo wa Baba damin dawa da kaka, aro yake. Sai wani dattijo ya yi dariya ya ce, "Ɗana, in haka ne har ni da na sayi tawa da kuɗina aro nake. Tsohonku mai unguwa ne. Wa zai girbe bai gaishe shi ba?" Gaskiya ya faɗa. Da an bi ta dami, da garin duka namu ne, mu wayi gari ba mu da maƙwabci ko ɗaya da zai amsa mana sallama.

Abin da ya warware mana, daga cikin gida ya fito. Da daddare ina ba Iya labarin inda muka tsaya, sai ta ce, "Ku maza ba ku san gona ba sai da damina. Ku tambayi wa ke tsinkar ɗorawa." A al'adarmu wanda aka ara wa gona ƙasar yake nomawa, amma ɗorawa da kaɗanyar da ke ciki na mai gona ne. Kowace bazara matan gidanmu ke zuwa su kaɗo ɗorawa a wasu gonakin, su yi kalwa su yi daddawa, wasu gonakin kuwa ko kusa da itatuwansu ba sa zuwa, don Baba ya ce ya ba da su har da itace. Iya da yayyena mata suka zauna suka lissafo mini su tsaf, gona bayan gona, har da wadda itacenta ɗaya ne tak. Malam ya ce su magada ne, maganarsu ba za ta zama shaida a kan wani don amfanin kansu ba, amma babu laifi a je a tambayi masu riƙe da gonakin. Da muka je, tambaya ɗaya wakilin dagaci ke yi: wa ke cin ɗorawar nan? Kusan kowa sai ya sunkuyar da kai ya ce, ta gidan Soja ce. Matansu ma sun sani, yaransu sun sani. Waɗanda suka amsa aro ne, ba mu tashe su ba. Aka rubuta cewa duk magajin da gonar ta faɗo wa, ya bar su su ƙara damina biyu, bayan nan su daidaita a kan haya ko saye. Mutum biyu suka tsaya a kan kyauta ce, ba mu da shaidu, muka bar musu.

Fadama ita ce ba ta warwaru ta wannan hanyar ba, kuma ita ta fi komai daraja yanzu da injin ban-ruwa ya zo, ana rake da tumatir da albasa har rani. Akwai abokin Baba na soja, tare suka ɗauki kaya a Arakan, ya biyo shi bayan damina ɗaya, suka zauna bukka kusa da bukka. Ya riga Baba rasuwa da daɗewa. 'Ya'yansa suka zo cikin ladabi suka ce sun ji daga bakin tsohonsu cewa tare aka sari fadamar, rabi nasa ne, ya bar wa Baba yana nomawa ne saboda shi ya fi ƙarfi a kiwo. Babu wanda ya ga saran da ke raye sai Iya da matar mutumin, wadda ta tsufa har ba ta gane 'ya'yanta. Iya ta ce ita dai ta san tana kai musu fura su biyu a wurin. Ba ta ƙara ba, ba ta rage ba.

Malam ya ce shaida na kan mai da'awa, in babu, rantsuwa na kan wanda ake ƙara, wato mu mu rantse ba mu san suna da haƙƙi a ciki ba. Aka yi shiru. Wanmu, wanda tun farko shi ne mai zafi, ya ce, "Allah gafarta Malam, ba zan dafa Alƙur'ani a kan abin da aka yi kafin a haife ni ba." Aka koma sulhu. Dagaci da kansa ya zauna a kai, aka ba su kashi ɗaya cikin uku na fadamar, daga gefen rafi. Ni a raina rabi ya kamata. Mutum biyu da gatari biyu, ban ga ta inda ɗaya zai ci biyu ɗaya ya ci ɗaya ba. Na faɗa a zaman, aka ce shekarun da Baba ya yi yana gyaran wurin shi kaɗai fa, su ma 'ya'yan mutumin suka ce sun yarda, na rubuta abin da aka yanke.

Akwai kuma marayun wani wanmu da ya rasu tun Baba na raye. Jika ba ya gado in akwai ɗa namiji, wannan kowa ya sani, amma sanin bai hana uwarsu kwana tana kuka ba. Liman da ladan suka shaida cewa bayan rasuwar ubansu Baba ya kira su biyun ya ce saurar yamma ta yaran ce, kuma tun daga lokacin babban cikinsu ke nomanta. Malam ya ce ko ta wace ƙofa aka shiga tasu ce: in kyauta ce sun karɓa sun riƙe, in wasiyya ce su ba magada ba ne kuma ba ta kai sulusi ba. Aka cire ta.

Lissafin kansa bai ɗauki lokacin shan shayi ba. Iyayen Baba sun daɗe da rasuwa, don haka mata ne da 'ya'ya. Mata suna da tumuni tunda akwai 'ya'ya, kamar yadda ya zo a Suratun Nisa'i, sauran na 'ya'ya ne, namiji rabon mace biyu. Malam ya kasa dukiyar kashi 128. Matan biyu suka sami 16, kowacce 8. Saura 112: kowane namiji 14, kowace mace 7. Biyar sau 14 ya ba da 70, shida sau 7 ya ba da 42, lissafi ya cika.

Mayar da ƙasa ta zama lamba shi ne wahalar. Igiya ɗaya ta fadama ba ta daidai da igiya ɗaya ta tudu, gonar bakin hanya ba ta daidai da ta bayan dutse. Aka ɗauko dillalan gona daga wani gari, waɗanda ba su da suruki ko aboki a cikinmu, suka auna suka sa wa kowane yanki kuɗi, har itatuwan ciki. Gida ma aka ƙiyasta shi, da sharaɗin ɗakunan da 'ya'ya suka gina da kuɗinsu ginin nasu ne, ƙasar ce ta gado, kuma rabon Iya da Inna aka fara cire shi daga sassan da suke zaune don kada wata ta wayi gari ana nuna mata ƙofa.

A nan aka kawo shawarar da ake kawowa a kusan kowane gida: mata su karɓi kuɗi, maza su riƙe ƙasa, wai don kada gonar gida ta koma hannun surukai. Ban taɓa son wannan dabarar ba. Farashin da ake sa wa a zaure kullum na zumunci ne, kuma zumuncin a kan mata kawai yake faɗawa. Ban kai ga magana ba babbar yayarmu ta riga ni. Ta ce, "Yaya, kuɗin da aka ba Goggo na gonar kakanmu, ina suke yau? Gonar kuwa tana nan ana nomawa. A yanka mini tawa." Huɗu suka bi bayanta. Ɗaya da ke aure a Kano ta zaɓi kuɗi da kanta, aka biya ta a farashin dillalai. Aka haɗa yankunan daidai da rabon kowa, aka rubuta a ƙananan takardu aka zuba cikin hula, wani yaro da bai iya karatu ba ya riƙa ɗebowa. Wanda nasa ya ɗara ya yi ciko, wanda nasa ya gaza aka cika masa.

Kanti ba ya yankuwa. Wan da nake bi shi ya riƙe shi tun ƙarfin Baba ya fara raguwa, ya ce a duba wahalarsa. Malam ya tambaye shi a ina yake ci, a ina aka yi masa aure, a ina aka raɗa wa 'ya'yansa suna. Ya ce a kantin. Aka tsaya a kan cewa firjin da janaretan da ya saya da kuɗin nomansa, wanda akwai rasit, nasa ne. Ginin da kayan cikin kantin da tsohon injin niƙa na gado ne. Ya karɓe su a matsayin rabonsa, ya bar gonar tudu. Lambobin yabo da littafin sallama da bajen nan, kowa ya yafe rabonsa a ciki, aka bar su ajiya a hannun babban wanmu, da sharaɗin ba a sayarwa, kuma duk jikan da ya nemi gani a nuna masa.

Na kwafe komai a takarda mai tsabta muka kai kotu. Alƙali ya sa aka karanta a bayyane, ya kira mu ɗaya bayan ɗaya, matan ma ya tambaye su da bakinsu ko an tilasta musu, kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, aka biya kuɗin kotu aka buga hatimi. Da wannan takardar wasunmu suka je ƙaramar hukuma neman shaidar mallaka, tunda dokar filaye ta 1978 ta sa filayen karkara ƙarƙashin kulawarta. 'Ya'yan abokin Baba da marayun nan su ma na sa an ba su kwafi, haka mutanen da aka tabbatar wa kyauta, kowa da shafin da ya shafe shi.

Filin kasuwa ne kaɗai bai shiga takardar ba. Baba ya share shi ya kafa rumfar farko, daga baya ƙaramar hukuma ta gina rumfuna tana karɓar kuɗin shiga, kuma ba a sami wanda ya ji ya ce ya bayar ko bai bayar ba. Biyu daga cikin yayyena suna ganin a nemi diyya, sauran suna ganin a bar shi. Malam ya ce ba zai raba abin da ba a tabbatar na mamaci ne ba, alƙali ma ya ce sai in an shigar da ƙara ta daban, kuma har yanzu babu wanda ya shigar.